Ku Tambaya Mu Amsa: Finafinan Jamus, koyon Jamusanci da zancen 'yan Sikandinebiya

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, yawanci daga nan Jos ne kuma 'yan jami'a ne ko iyayensu, sai na ce bari kawai in haɗa su wuri guda. Masu tambayar haya da rikicin fili ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos ina karanta wasan kwaikwayo da fim. Mun haɗa wata 'yar ƙungiya duk Asabar da yamma mukan aro majigi mu haska fim a aji sannan mu tattauna, to wlh mun gaji da na Amurka da Indiya, wani lakcara ya ce mu gwada na Jamus. Ni kuma iya sanina fim ɗin Jamus duk na yaƙin Hitila ne. Daga ina za mu fara dan Allah? Ɗan aji uku, Naraguta.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ai yawancin finafinan yaƙin Hitila da ka gani ba Jamusawa suka yi ba, Amurkawa ne da Turawan Ingila, shi ya sa Bajamushen ciki ba abin da ya iya sai ihu da zare ido. Su kam sun shiga harkar tun kafin kowa ya san da wani Hitila, sutudiyon Babelsberg da ke kusa da Balin tun 1912 ake ɗaukar fim a ciki kuma har gobe yana aiki.

Tunda ku 'yan fim ne ku fara da tsofaffin nan marasa murya, na san za a yi ta tsaki a minti goma na farko amma ku daure. Akwai Das Cabinet des Dr. Caligari na 1920, duk garin da ke ciki zana shi aka yi, bango a karkace taga a karkace titi ya tafi a sheƙe, har inuwa ma fenti aka sa aka zana ta a bango da ƙasa, don labarin daga bakin mai taɓin hankali yake fitowa sai aka murɗe duniyar ta dace da kansa. Ku da kullum kukanku babu fitilu babu kayan aiki, ku je ku ga abin da mutane suka yi da fenti da kyalle shekara ɗari da suka wuce. Daga nan sai Metropolis na Fritz Lang, 1927, masu kuɗi suna saman gari suna shaƙatawa leburori suna ƙarƙashin ƙasa suna bautar inji, fim ɗin ya ci kuɗi har ya kusa durƙusar da kamfanin UFA, kuma an daddatse shi aka zubar da wani sashe, sai a 2008 aka tsinci kusan cikakkensa a wani gidan tarihi a Ajantina. Na uku M na 1931, shi ma na Lang, lokacin murya ta shigo fim. Mai kashe yara ne ya addabi gari, yana da wani fito da yake yi da baki, ƙarshe makaho mai sayar da balam-balam ne ya gane shi ta wannan fiton. Duk wanda zai yi aikin sauti a cikinku wannan nasa ne.

A 1933 'yan Nazi suka hau mulki, ministan farfagandarsu Goebbels ya riƙe harkar fim a hannu, masu basira da yawa musamman Yahudawa suka tsere, Lang kansa ya bar ƙasar ya ƙare a Amurka. Fim ɗin farfagandar da Leni Riefenstahl ta yi wa jam'iyyar a 1935, in za ku kalla ku kalla tare da malaminku, ku lura yadda ake ajiye kyamara a ƙasa a ɗauko mutum daga ƙafa zuwa sama sai ya zama wani dodo mai kwarjini. 'Yan siyasarmu ma masu ɗaukarsu sun iya wannan, ku duba fostocin kamfe.

Bayan yaƙi ƙasa ta rabu biyu, kowane ɓangare da nasa finafinan. A Yamma a 1962 wasu matasa 26 suka sa hannu a wata takarda a garin Oberhausen suka ce tsohon salon fim ya mutu, a bayansu ne su Fassbinder da Herzog da Wenders suka taso. In fim ɗaya tak zan zaɓa muku to Angst essen Seele auf ne na Fassbinder, 1974, wanda aka ɗauka cikin kusan mako biyu. Wata dattijuwa ce Bajamushiya mai aikin shara ta auri lebura ɗan Maroko da ta girme shi nesa ba kusa ba. Ranar da ta tara 'ya'yanta ta faɗa musu, shiru ya biyo baya kyamara tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kawai sai ɗanta ya miƙe ya sa ƙafa ya fasa talabijin. Mai kanti ya ƙi sayar wa mijin kaya wai bai gane Jamusancinsa ba, abokan aikinta suka daina zama da ita a ci abinci. Daga baya kuma duk suka dawo suna fara'a, ba don zuciya ta sauya ba sai don kowa yana da buƙata a wajensu, mai kanti yana son ciniki, maƙwabta suna son mai ɗaukar musu kaya. Ku haska wannan a Jos, garin da kowa ya san abin da ake cewa in wane ya nemi 'yar su wane, na tabbata sai mai gadi ya kore ku ba ku gama musu ba.

Na baya-bayan nan masu sauƙin kallo: Lola rennt na 1998, yarinya tana da minti 20 ta nemo mark 100,000, kuɗin Jamus na lokacin, ko a kashe saurayinta, an maimaita labarin sau uku kowanne da ƙarshensa daban, makarantar tace hoto ce guda. Sai Good Bye, Lenin! na 2003, uwa ta faɗi ta suma kafin katangar Balin ta rushe a 1989, ta farfaɗo bayan wata takwas likita ya ce kar a tayar mata da hankali, ɗanta ya shiga ɓoye mata cewa Jamus ta Gabas ta tafi, har juye abinci yake a tsofaffin kwalabe yana haɗa mata labaran talabijin na ƙarya. Abin dariya abin tausayi.

Amma fa gargaɗi, Turawan nan ba su ɗauki tsiraici a bakin komai ba, mutum biyu a cikinku su fara kallon kowane fim kafin ranar Asabar su san inda za a tsallake, kar ku tara 'yan mata da samari a aji ku ji kunya.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni nas ce na gama makaranta ina aiki a wani asibiti, ina so in tafi Jamus aiki. Wata ƙawata ta ce ita da kallon fim kawai ta koyi yaren Indiya, wai ni ma in dinga kallon na Jamus zan iya ba sai na biya kuɗin lesin ba. Gsky ne? 'Yar'uwarku daga Anguwar Rogo.

Amsa: Ƙanwata ki tambayi ƙawar taki ta rubuta miki wasiƙar neman aiki da yaren Indiyan mu gani. Fim yana buɗe kunne, wannan gaskiya ne, amma ke takarda za a nema a hannunki. Matakan yaren shida ne, A1, A2, B1, B2, C1, C2. Mai bin miji ko mata A1 ake nema, aikin jinya yawanci B2 ne, karatun jami'a da Jamusanci kuma sai an ci jarabawar TestDaF ko DSH. Jarabawar tana da ji da karatu da rubutu da magana, fim ba zai koya miki rubutu ba ko shekara goma kika yi kina kallo. Cibiyar Goethe, wato cibiyar harshe da al'adun Jamus, tana Legas tun 1962, su ne ke shirya jarabawar da aka fi sani, ki yi rajista da wuri. Masu son digiri a yaren kuma akwai shi a Ibadan da Ife da Nsukka.

Kar ki tsorata dai, Bahaushe yana da ribar da bai sani ba. Yawancin kalmominsu yadda aka rubuta haka ake karantawa, ba irin Turanci ba. Mu mun saba da cewa kowane abu namiji ne ko mace, su ma haka, sai dai sun ƙara na uku wanda ba namiji ba ba mace ba, kuma babu dabara sai hadda, duk kalmar da za ki haddace ki haddace ta da der ko die ko das ɗinta tun ranar farko, in kika bari sai daga baya kin haɗa wa kanki aiki biyu. In kin yi nahawu a Islamiyya kin san yadda ƙarshen kalma ke sauyawa da raf'i da nasabi da jarri, to su ma suna da irin wannan guda huɗu, abin da ke sa masu Turanci zalla kuka ke nan ke kuma kin riga kin san zancen. Ƙirga ma irin ta Larabci ce, ɗaya da ashirin suke cewa ba ashirin da ɗaya ba, ki kula da wannan sosai ke da za ki riƙa karɓar adadin magani ta baki. Abin da zai ba ki haushi shi ne yadda suke jefa aikatau can ƙarshen jimla, sai kin jira mutum ya gama kaf kafin ki san ya ba da maganin ne ko ya hana.

Yadda za ki ci moriyar fim ɗin: ki samu aji ko malami tukuna, ko ki fara da Nicos Weg na DW wanda kyauta ne a intanet daga A1 zuwa B1, gajerun bidiyo ne da atisaye, DW ɗin nan dai da iyayenmu ke saurara da Hausa tun 1963. Suna kuma da labarai da ake karantawa a hankali don masu koyo. Sai ki ɗauki fim, minti biyar kawai ba duka ba, ki kalla da rubutun Jamusanci a ƙasa ba na Turanci ba, ki tsayar ki maimaita da bakinki da ƙarfi ko ƙannenki za su yi dariya, ki rubuta jimla biyar a littafi. Jamusawa suna juya kusan duk fim ɗin waje zuwa yarensu har na Indiya, irin dai Indiya-Hausa ɗinmu, to ki nemi wanda kika riga kika san labarinsa, kin ga hankalinki zai tsaya kan yaren. Sannan ki nemi abokan hira ko mutum uku ne, ku sa rana ku zauna rabin awa an haramta Hausa da Turanci. Mai aikin shif kamarki ta sa ran shekara ɗaya zuwa biyu kafin B2. Duk ejan da ya ce zai samo miki satifiket ba tare da kin zauna jarabawa ba ki riƙe kuɗinki, ana tantancewa, kuma ko kin tsallake ofishin jakadanci ranar da majiyyaci zai yi miki bayanin ciwonsa ba ejan a kusa.

Tambaya: Malam ɗana yana karatu a Minnesota ta Amurka, ya ɗauki darasin Jamusanci, ya ce sashen nasu haɗe yake da na Sikandinebiya, har sun gayyace shi wani biki da yarinya ke ɗora kyandir a ka. Su waye waɗannan, Jamusawa ne? Me ya kai al'adarsu jami'ar Amurka, kuma ba addini ake cusa masa ba? Wani uba daga Bukuru.

Amsa: Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya yi wa yaro albarka. Ba Jamusawa ba ne, dangi ne dai na nesa. Sikandinebiya ƙasa uku ce, Danmak da Nowe da Suwidin, in aka ƙara Finlan da Aislan sai a ce ƙasashen Nodik. Harsunan ukun nan tushensu ɗaya da Jamusanci da Turanci, su a junansu suna fahimtar juna daidai gwargwado amma Bajamushe sai ya koya, yaren Finlan kuwa daban yake gaba ɗaya. Dangantakar nan ce, da kuma ƙarancin ɗalibai, ta sa jami'o'i ke haɗa su a sashe guda.

Abin da ya kai su can kuwa talauci ne, ƙasashen da yau ake kwatance da arzikinsu. A ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 mutanen Suwidin sama da miliyan ɗaya da na Nowe wajen 800,000 suka yi ƙaura zuwa Amurka, gona ta yi kaɗan, ga yunwar da aka yi a Suwidin wajen 1867 zuwa 1869, ga Amurka ta yi doka a 1862 tana ba da eka 160 ga wanda zai zauna ya noma. Suka taru a Minnesota da Wisconsin da kewaye, suka gina coci-coci da kwalejoji irin St. Olaf a 1874, Jami'ar Wisconsin ta buɗe sashen nazarinsu a 1875, ita ce kuma daga baya ta yi suna wajen koyar da Hausa. Jikokinsu yawanci yaren ya ɓace musu, abin da ya rage sai suna da abinci da bukukuwa, shi ya sa za ku ga saurayi ya biya kuɗi a jami'a yana koyon yaren kakarsa daga baƙaƙen farko. In yaron ya zauna can ya yi iyali ku matsa masa a yi Hausa a cikin gida, don shigar kaftani ranar sallah kaɗai ba ta riƙe harshe.

Bikin kyandir sunansa Lusiya, ranar 13 ga Disamba ake yi, yarinya da farar riga da kambin kyandir a ka, sauran na biye suna waƙa, a sha kofi a ci burodi mai za'afaran. Ba zan ɓoye muku ba asalinsa na Kirista ne, sunan wata waliyyiya ce ta Sisili, ko da yake yau yawancinsu bikin haske suka ɗauke shi a tsakiyar duhun hunturu. Ba dole ake yi wa ɗalibi ba kuma ba ya cikin maki, in ransa bai kwanta ba ya ce ya gode. Akwai kuma bikin 17 ga Mayu, ranar tsarin mulkin Nowe ce na 1814, fareti ne na yara da tuta. Ya dai riƙa tambayar abin da ke cikin abinci da abin sha, don akwai naman alade kuma akwai wani abin sha mai ɗumi da ake sa wa giya. Minneapolis da ke Minnesota ɗin cike take da Somaliyawa, masallaci da naman halal ba za su yi masa wuya ba.

Kuma Alhaji mutanen nan sun fi kusa da mu fiye da yadda ake zato. Kakanninsu 'yan Baikin sun yi ciniki da daular Musulunci, Ibn Fadlan wanda halifan Bagadaza ya aika ya gamu da su a bakin kogin Bolga a 922 ya rubuta yadda suke, a 1999 kuma aka tono tsabar azurfa sama da 14,000 a tsibirin Gotland na Suwidin, yawancinsu dirhami ne da rubutun Larabci. A nan gida, likita ɗan Danmak Niels Brønnum ya sauka Numan a 1913, daga aikinsa cocin LCCN ta fito, har shugabanta Musa Panti Filibus ya zama shugaban Lutheran na duniya a 2017. Bajamushe Karl Kumm kuma Wase ya sauka a 1904, tushen COCIN ke nan, ga jami'a can Vom da sunansa. Sai dai in ana ba yaron labarin zaman lafiya da kyautar Nobel ya tambayi malaminsa zancen ganuwar Christiansborg da ke Akara, inda Danmak ta yi cinikin bayi kafin ta sayar wa Ingila a 1850.

Tambaya: Malam a taƙaice, Jamusanci ko yaren Nowe, wanne zan koya? Mastas nake so. Kofa mai hidimar ƙasa, Rikkos.

Amsa: Jamusanci. Na Nowe da Suwidin sun fi sauƙin nahawu, aikatau ba ya sauyawa ko ni ko kai ko su, amma masu yaren Nowe ba su fi miliyan biyar da ɗoriya ba kuma kusan kowa can yana jin Turanci, don su ba sa juya fim, rubutu suke sawa a ƙasa yara su tashi da Turanci a kunne. Jamusanci kuwa wajen mutum miliyan 100 ne, Jamus da Ostiriya da yawancin Suwizalan. Ga batun aljihu: Danmak ta sa wa 'yan wajen Turai kuɗin makaranta a 2006, Suwidin a 2011, Nowe a 2023. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus har yanzu ɗan kuɗin zango kawai ake biya, ban da jihar Baden-Württemberg mai karɓar yuro 1,500 duk zango da wasu 'yan kaɗan. Amma sai ka nuna kuɗin zama a rufaffen asusu, a 2024 aka mai da shi yuro 11,904 na shekara, ka buga da canjin yau ka gani, shi ya sa nake cewa ka fara da neman tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗaliban waje tallafin karatu. In kuma ƙwallo kake bugawa to wannan wani zance ne, Mikel ɗan garin nan ta ƙungiyar Lyn ta Oslo a Nowe ya bi ya isa Chelsea. Kar kuma sanyin Jos na Disamba ya ruɗe ka ka ce ka saba, a Tromsø da ke arewacin Nowe rana ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu.

Tambaya: Oga ni mai ɗaukar hoto ne a finafinan Hausa nan Jos, na ji ɗaliban makarantar fim suna ta zancen wai Dogma, mene ne shi? Mai kyamara, Gangare.

Amsa: 'Yan Danmak ne, Lars von Trier da Thomas Vinterberg, suka fito da shi a 1995 don sun gaji da fim mai cin kuɗi da ƙyale-ƙyale. Dokoki goma suka kafa, manyan ciki: a ɗauka a ainihin wuri ba a gina set ba, kyamara a hannu, ba fitilu na musamman, ba a ɗora kiɗa daga baya sai wanda ake ji a wurin, kuma ba a rubuta sunan darakta, wannan ta ƙarshen kam na san ba za ta karɓu a wajenku ba. Fim na farko da aka yi a haka, Festen na 1998, da ƙaramar kyamarar bidiyo aka ɗauka ya kuma ci kyauta a bikin finafinai na Cannes. Za ka ce ai mu ma haka muke yi tun tuni, eh amma su da gangan suka yi, duk ƙarfin sai ya koma kan labari da 'yan wasa, ba wurin ɓuya a bayan waƙa. In kana son gwadawa ka samu ɗaliban nan ku je kasuwar tumatir ta Farin Gada da sassafe lokacin da ake sauke kwanduna, 'yan wasa biyu, labarin minti biyar, hasken safiya ya ishe ku. Ku fara gaida shugaban kasuwa ku nemi izini kafin ku fito da kyamara, kuma ku ari makirfo mai kyau na maƙalawa a riga, don hayaniyar wurin za ta cinye maganar 'yan wasan in kuka dogara da na jikin kyamara.